Yadda ake neman izinin kwamitin ɗa'ar bincike kafin a fara tambayar mutane a Damagaram

Ɗalibin da ke shirin memuwar ko tez, wato kundin binciken kammala karatu, a Jami'ar André Salifou, ko ma'aikacin lafiya da ke son yin bincike a Mirya, Magarya, Matamai ko Tanut, yakan fara da buga takardun tambayoyi da lissafin kuɗin man babur. Akwai abin da ya kamata ya riga waɗannan, wato izinin kwamitin ɗa'ar bincike. Duk aikin da zai taɓa ɗan Adam, ko jininsa za a ɗiba, ko tambaya za a yi masa, ko dosiyensa na asibiti za a buɗe, sai wasu mutane da ba su da hannu a aikin sun karanta tsarinsa sun yarda ba zai cuci kowa ba. Kuma kafin a yi magana da mutum na farko ake karɓar wannan izini. Wanda ya gama tattara bayanai sannan ya je nema, ya yi alwala ne bayan an sallame sallah.

Mu nan ba sai an kai mu nesa ba kafin mu gane dalili. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano, a wani gwaji da ya haɗa yara kusan 200. Goma sha ɗaya daga cikinsu sun rasu. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba, daga baya kuma ta bayyana cewa takardar izinin da aka nuna an rubuta ta ne bayan an gama aiki, aka mayar da kwanan watanta baya. Sai 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75, kamfanin bai amsa laifi ba. Da aka zo rigimar ƙin allurar shan inna a 2003, wannan labari na cikin abin da mutane suka riƙa kafa hujja da shi. Yau ma idan kuka shiga ƙauye da sirinji da kwalabe za ku tarar da wanda ya ji labarin, kuma yana da gaskiyar yin tambaya.

Ƙa'idojin da kwamitoci ke aiki da su sun samo asali daga irin wannan ɓarna. Dokar Nuremberg ta 1947 ta biyo bayan gwaje-gwajen likitocin Nazi. Ƙungiyar likitoci ta duniya ta fitar da Sanarwar Helsinki a 1964, gyaranta na baya-bayan nan kuma an yi shi a 2024. Rahoton Belmont na 1979 ya zo ne bayan binciken Tuskegee a Amurka, inda aka bar baƙaƙen fata masu ciwon tunjere ba magani daga 1932 zuwa 1972. Shi ne ya tattara maganar a abu uku: girmama mutum da zaɓinsa, neman amfaninsa tare da kauce wa cutar da shi, da adalci wajen wa ke ɗaukar nauyin bincike wa kuma ke cin moriyarsa. Da waɗannan ukun za a auna dosiyenku.

Mataki na farko: ku san takardun guda uku ne, kuma kowace da ƙofarta

Nan ɗalibai suka fi ruɗewa. Takardar da shugaban tsangaya ke sa wa hannu, wadda ke cewa wane ɗalibinmu ne, a ba shi haɗin kai, shaida ce kawai cewa jami'a ta san da ku. Takardar da hukumar lafiya ta jiha, wato DRSP, ko babban likitan gunduma, ko daraktan Babban Asibitin Damagaram ke bayarwa, izinin shiga wurinsu ne. Ta uku ita ce ta kwamitin ɗa'a, wadda ke cewa an duba aikin ta fuskar haƙƙin mutanen da za a yi binciken a kansu. Ana buƙatar dukkansu, kuma babu wadda ke tsaya wa wata.

Kwamitin ƙasa a Nijar shi ne Comité National d'Éthique pour la Recherche en Santé, wanda aka fi sani da CNERS, yana ƙarƙashin ma'aikatar lafiya a Yamai. Gwajin magani ko allura, ɗibar jini ko wani abu daga jiki, fitar da samfuri zuwa ƙasar waje, aikin da wata ƙungiya ko jami'ar waje ke ɗaukar nauyinsa, duk waɗannan ku ɗauka tun farko cewa can za su je. Idan aikin haɗin gwiwa ne da jami'ar Faransa ko Najeriya, izinin kwamitinsu bai wadatar ba. Sai an nemi na nan inda mutanen suke. Don ƙaramin aikin memuwar kuwa, ku zauna da malamin da ke duba aikinku, ku je ofishin shugaban tsangaya tare, a faɗa muku wa ke duba furotokol, wato rubutaccen tsarin aikin, kuma ko ya kamata a miƙa shi gaba. Ku roƙi amsar a rubuce. A wannan zuwan ku tambayi jerin takardun da ake so, kwafi nawa, yaushe kwamiti ke zama, kwana nawa kafin zama ake rufe karɓa, da kuɗin dubawa idan akwai.

Masu karatun zamantakewa, tarihi ko labarin ƙasa, kada ku ce wannan maganar likitoci ce. Wanda zai yi hira da matan Kance da suka dawo daga Aljeriya, ko matasan fada, wato majalisar samari, a unguwar Kara-Kara, ko almajirai a Zango, yana riƙe da bayanan da za su iya kai mutum ofishin ƴan sanda ko su raba shi da danginsa.

Sai ku ƙirga lokaci da baya. Ku fara daga ranar sutnans, wato ranar kare kundin a gaban malamai, ku cire watannin rubutu, ku cire na zuwa ƙauyuka, sannan ku ware wata biyu ko uku na dubawa da gyara. Damina na hana shiga wasu garuruwa, manoma kuma ba sa zama hira lokacin noma. Azumi ma yana sauya lokacin da za a sami mata a gida da kuma yardar mutane a ɗibi jininsu. Idan lissafi bai fita ba, a rage faɗin aikin.

Kafin ku fara rubutu, ku yi kwas ɗin TRREE, na koyar da ɗa'ar bincike, a intanet. Kyauta ne, akwai shi da Faransanci, ana gama kashin farko cikin ƴan awoyi, kuma yana ba da takardar shaida da za ku saka a dosiye. Duk wanda zai taya ku tambaya ya kamata ya yi shi, ko aƙalla ku koya masa abin da kuka koya.

Mataki na biyu: furotokol

Furotokol shi ne cikakken tsarin aiki a rubuce, kuma shi kwamiti zai fi daɗewa a kai. Binciken da aka tsara ba daidai ba yana ɓata lokacin mutane a banza, don haka kwamiti na da hurumin ƙin sa ko da babu allura a ciki. Ku faɗi tambayar da kuke son amsawa a jimla ɗaya, da dalilin da ya sa ta dace da Damagaram. Ku faɗi su wa za su shiga, su wa ba za su shiga ba, da hujjar kowanne. Idan kun cire mata masu ciki ko waɗanda ba sa jin Hausa, za a tambaye ku dalili, kuma "ya fi sauƙi" ba amsa ba ce a jihar da Barebari, Fulani, Buzaye da Tubawa ke zaune.

Adadin mutane ma sai da lissafi. Da yawa suna rubuta 384 saboda shi ke fitowa daga ƙa'idar Schwartz ta lissafin yawan mutanen da bincike ke buƙata, idan an ɗauki kashi 50 cikin ɗari da kuskuren kashi 5. Ba laifi, amma ku nuna lissafin, ku kuma nuna kuna da kuɗi da lokacin kai wa ga wannan adadi. Sannan ku bayyana abin da zai faru da mutum tun daga sallama har rabuwa: wa zai tunkare shi, a ina, minti nawa za a ɗauka, me za a auna, jini mililita nawa, sau nawa, wa zai ɗiba. Ku haɗa takardar tambayoyin gaba ɗayanta, yadda za a yi amfani da ita.

A sashen haɗari kada ku rubuta "babu". Mai dubawa da ya ga wannan kalma ya san ba a yi tunani ba. Akwai zafin allura da kumburi. Akwai kunya da tayar da tsohon ciwon rai ga matar da ake tambaya game da yoyon fitsari ko ɗan da ta rasa. Akwai haɗarin maƙwabta su ga an shiga gidan wane kaɗai su fara zargin yana da ciwon da ake ɓoyewa. Akwai asarar yini guda na kasuwa. Kowane haɗari ku rubuta abin da za ku yi a kansa. Ku kuma rubuta me za ku yi idan kun ci karo da abin da ba ku je nema ba: yaron da awon damtsensa ya gaza milimita 115 yana cikin tamowa mai tsanani, dole a tura shi CSI, wato cibiyar lafiya ta yankin, ranar nan, a kuma san tun kafin a fita wace cibiya ce ke karɓa. Haka wanda ya nuna alamun sanƙarau ko maƙarau, cututtukan da jiharmu ta sha fama da su a 2023. Ku yi magana da majo, wato shugaban cibiyar lafiya ta wurin, kafin ku rubuta sunan cibiyarsa a furotokol.

Mataki na uku: takardar bayani da ta yarda

Nan ne nake so ku fi daɗewa, domin nan ne dosiye ke nuna halin mai shi. Ku sa wata mace a ranku: ta zo CSI da jariri a baya, ba ta yi lakkwal ba, ta ga mutum da farar riga da takarda a hannu. Tun 2006 ake duba yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta a Nijar, kuma a zuciyarta tana iya ɗauka cewa idan ta ƙi amsa tambayoyinku za a hana ɗanta magani. Ba za ta faɗa ba, za ta ce "to" ne kawai. Aikin takardarku shi ne ta sa wannan mace ta iya cewa a'a hankalinta kwance.

Takardu biyu ne. Ta bayani, wadda mutum zai tafi da ita gida, da ta yarda, wadda zai sa wa hannu. Ta bayani za ta faɗi cewa wannan bincike ne, wa ke yin sa, wa ke biya, me za a yi wa mutum, tsawon lokaci, abin da zai iya damunsa, amfanin da zai samu ko cewa babu amfani kai tsaye, wa zai ga bayanansa, cewa yana iya ƙi ko ya janye a tsakiya ba tare da ya rasa komai ba, da lambar salular da zai kira idan yana da ƙorafi. A sa lambar mai bincike da ta wani wanda ba ya cikin tawagar, domin ba wanda zai kai ƙarar mutum wurin mutumin.

Kwamiti zai karanta ta Faransanci, amma mutanen Dungas da Takeita da Hausa za su ji ta. Ku rubuta ta Hausa da kanku, ku ba wani da bai ga ta Faransancin ba ya mayar da ita, ku gwada biyun ku ga inda ma'ana ta zame. Ku miƙa duka biyun. Idan aikin zai kai Gure ko Tesker, a tanadi ta Barbarci, Fillanci ko Tubanci, ko a naɗi murya a salula domin kowa ya ji bayani iri ɗaya. Barin kowane mai tambaya ya fassara yadda ya ga dama a bakin ƙofa shi ke sa a yi wa mutane alkawarin da babu shi a takarda.

Ga irin yadda maganar za ta fita daga baki:

"Inna, sannu da hutawa. Ni ɗalibi ne a jami'a, ba ma'aikacin wannan asibiti ba ne. Muna bincike a kan yadda ake ciyar da yara bayan yaye. Idan kin yarda, zan yi miki tambayoyi na kamar rabin awa, in auna hannun yaron. Ba magani nake rabawa ba, ba kuma sunayen masu samun taimako nake rubutawa ba. Idan kin ce a'a, za a duba ɗanki kamar kullum, kuma ba wanda zan gaya wa kin ƙi. Ko mun fara, duk tambayar da ba ki so ki ce in wuce ta. In kina so ki yi shawara da maigida tukuna, ga takardar, zan dawo."

Jimlar nan ta sunayen masu samun taimako kada ku bar ta. A garuruwan da aka saba ganin ƙungiyoyi na rubuta suna kafin rabon abinci ko kuɗi, duk baƙo mai takarda ana ɗaukar sa mai rabo. Mutane za su yarda saboda sa rai, wasu ma su sauya amsa don su shiga sahun mabuƙata, sai ku rasa yarda ta gaskiya ku kuma rasa bayani na gaskiya.

Bayan bayani, ku ce wa mutum ya maimaita muku da bakinsa abin da ya fahimta. "Baba, in wani ya tambaye ka me muka zo yi, me za ka ce masa?" Idan ya ce kun zo ba da magani, a sake bayani daga farko. Wanda ba ya rubutu zai dangwala yatsa, a gaban shaida mai karatu wanda shi ya zaɓa ko aƙalla ba ɗan tawagarku ba, shaidan ya sa hannu da kwanan wata. Wanda ke rubutun ajami ya sa hannunsa da ajami. Wasu na tsoron dangwale saboda sun san shi a takardun fili da na bashi. Idan binciken hira ce kawai, kuma takardar da ke ɗauke da suna ita ce babban haɗari ga mutum, kuna iya roƙon kwamiti ya amince da yarda ta baki. Kwamiti ne ke yanke wannan, don haka ku rubuta roƙon da hujjarsa a furotokol.

Sai maganar manya. Ba a shiga gari ba tare da an gaida hakimi, maigari ko mai unguwa ba, kuma yana da kyau liman ya ji bayani. Ku je ku ce ranka ya daɗe, ga abin da ya kawo mu, ku bar masa kwafin takardar. Amma ku faɗa masa a fili cewa kowa zai zaɓa da kansa, kuma ku roƙe shi kada a yi shela cewa maigari ya ce kowa ya fito. Izininsa na shiga gari ne. Haka maigida: a gidaje da yawa ba za ku ga matar aure ba sai da saninsa, kuma bin wannan hanya kariya ce gare ta. Sai dai idan ya yarda ita ta ƙi, magana ta ƙare. Ku tanadi mata masu tambaya, ku tanadi wurin da kishiya ko uwar miji ba za su ji ba. A binciken dukan mata a gida, ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a yi hira da mace ɗaya tak a kowane gida, a keɓe, kuma a gabatar da aikin ga sauran mutanen gidan a matsayin binciken lafiyar mata.

Yaro, uba ko uwa ko waliyyinsa ne ke ba da izini, amma idan ya yi wayo sai a yi masa bayani daidai hankalinsa a nemi amincewarsa, kuma kukansa ko ƙin miƙa hannu amsa ce. Akwai tambayoyi biyu da kusan kowane bincike a jiharmu ke cin karo da su. Yarinya ƴar shekara 16 da ke da aure da ɗa, wa zai ba da izini a kanta da kan jaririnta? Almajirin da iyayensa ke wani gari, malaminsa ya isa? Kada ku yanke hukunci a bakin zaure. Ku rubuta shawarar da kuka kawo da dalilinku, kwamiti ya tabbatar ko ya gyara. Haka nan duk wanda ke ƙarƙashin ikonku, kamar majinyacin da kuke dubawa, ɗalibin ajinku ko fursuna, a sa wani dabam ya nemi yardarsa.

Game da kuɗi, ku biya abin da mutum ya kashe: kuɗin kabu-kabu, abincin rana idan an tsare shi, ko sabulu na godiya. Ku rubuta adadin a furotokol da takardar bayani. Idan kuɗin ya kai yadda talaka ba zai iya ƙin sa ba, ya zama matsi, kuma kwamiti zai ce a rage.

Mataki na huɗu: ina bayanan za su kwana

Nijar na da dokar kare bayanan mutane tun 2017, da hukumar HAPDP da ke kula da ita, kuma bayanan lafiya na cikin waɗanda aka fi tsanantawa a kansu. A takardar tambayoyi a sa lamba maimakon suna. Jerin da ke haɗa lamba da suna a ajiye shi dabam, a kulle, mutum ɗaya ko biyu ke da makulli. Kwamfuta da salular da ake cika tambayoyi a manhajar KoboCollect su kasance da kalmar sirri. Kada a tura hoton rajistar asibiti ko sakamakon gwaji a zauren WhatsApp na tawaga, kada kuma a bar fayil a kwamfutar shagon fotokopi. Ku faɗi shekara nawa za ku ajiye bayanan da yadda za ku lalata su, har da muryoyin da aka naɗa.

Cire suna kaɗai ba ya ɓoye mutum. Idan kuka rubuta "ungozomar wani ƙauye kusa da Droum mai shekara 60", duk wanda ya san yankin ya gane ta. A faɗaɗa bayanin ko a cire shi. Hoto kuwa yana da tasa yardar dabam, musamman na yara marasa lafiya. Masu aiki da tsofaffin dosiyoyin asibiti, ku ma sai kun nemi izini. Abin da za ku roƙa shi ne a ɗauke muku neman yardar kowane majinyaci, bisa sharaɗin ba za ku kwafi suna ko lambar waya ba. Idan za a ajiye ragowar jini don wani bincike nan gaba, ko a kai shi wani ɗakin gwaji a waje, a sa layi na musamman a takardar yarda, a kuma haɗa yarjejeniyar da aka yi da wancan ɗakin gwajin.

Mataki na biyar: haɗa dosiye da miƙawa

Abin da aka saba nema shi ne wasiƙar roƙo zuwa ga shugaban kwamiti, furotokol da taƙaitaccensa, takardun tambayoyi, takardun bayani da yarda a kowane harshe, tarihin karatu da aikin masu binciken, kasafin kuɗi da sunan mai biya, jadawalin aiki, wasiƙar malamin da ke duba aikin, da takardun amincewar wuraren da za a shiga. Gwajin magani na ƙara inshora, bayanan maganin, izinin hukumar kula da magunguna, da rajista a kundin gwaje-gwajen magani irin PACTR na Afirka kafin a ɗauki mutum na farko. Jerin da sakatariyar kwamiti ta ba ku shi ne abin bi.

Kowace takarda a sa mata lambar bugu da kwanan wata a ƙasan shafi. Kafin ku buga, ku karanta duka a zama ɗaya kuna neman saɓani: furotokol ya ce minti 30, takardar bayani ta ce 15, nan mutum 200, can 250. Irin wannan ne ya fi dawo da dosiye. Yamai na da nisan kusan kilomita 900 daga nan, don haka idan can za a kai, ku sami amintaccen mutum da zai miƙa hannu da hannu ya karɓo rasit mai hatimi, ku kuma riƙe cikakken kwafi.

Ana iya kiran ku ku kare aikin a gaban kwamiti. A cikinsu akan sami likitoci, masana shari'a, malaman addini da wakilan al'umma, kuma tambayar da ta fi wuya sau da yawa daga wanda ba likita ba take fitowa: me mutanen garin za su samu? Idan allurar ta kumbura wa zai biya magani? Ku amsa da abin da ke rubuce. Abin da ba ku tanada ba, ku ce za ku ƙara shi.

Amsa takan zo ɗaya daga cikin huɗu: an amince, an amince bisa sharaɗin gyara, a sake rubutawa a dawo, ko an ƙi. Ta biyun ce aka fi samu, kuma ba izinin farawa ba ce. Ku ɗauki kowace magana ta masu dubawa, ku rubuta amsarta a ƙarƙashinta da shafin da kuka gyara. Inda ba ku yarda ba ku faɗi dalili cikin ladabi. Kwamiti na sauraron hujja, musamman a kan abin da ya shafi al'adar wurin da kuka fi su sani. Sai takardar ƙarshe mai lamba da kwanan wata ta shigo hannu za ku fita. Wannan lamba ce za ku rubuta a tez, kuma mujallun kimiyya za su nema kafin su karɓi maƙala.

Bayan an samu

Izini na kan abin da aka karanta ne kawai. Idan kuka ga ya kamata a ƙara tambayoyi, a sauya gari, a ƙara adadin mutane ko a ɗibi jini sau biyu maimakon ɗaya, ku rubuta wa kwamiti ku jira amsa. Abin da ake yi nan take ba jira shi ne wanda zai ceci mutum daga cutarwa, sannan a sanar. Idan wani ya sami matsala mai tsanani, ko salular da ke ɗauke da bayanai ta ɓata, a kai rahoto cikin wa'adin da takardar izini ta ƙayyade. Ku duba ranar ƙarewar izinin. Galibi shekara ɗaya ce, kuma ana neman sabuntawa kafin ta cika.

Takardun yarda da aka sa wa hannu a tara su kowace yamma, a ƙirga su da adadin tambayoyin da aka cika a ranar. Idan ba su zo daidai ba, a warware kafin a fita gobe, kuma bayanan da ba su da takardar yarda ba sa shiga lissafi.

Idan aiki ya ƙare, a aika wa kwamiti rahoton rufewa, a ba DRSP da gundumar lafiya kwafi. Ku sa kuɗin komawa garuruwan a kasafi tun farko, ko da na yini ɗaya ne. A roƙi maigari ya tara mutane, mata a nasu wurin, a faɗa musu da Hausa abin da aka gano, a shafi ɗaya ba tare da sunan kowa ba, a bar kwafi wurin majo da kuma ƴan sa-kai na lafiya da suka raka ku gida-gida.